Wace Na'ura Za Ka Bari Ta Hau Intanet Daga Cikin Gidanka?

Duk wanda ya tashi sayen talabijin, agogon hannu, makullin ƙofa, kyamarar tsaro ko ma kwan fitila a yau, sai ya ci karo da tambayar da babu ita shekaru ashirin baya: mai haɗi da intanet yake so, ko marar haɗi? Masu talla suna nuna abin kamar zaɓi biyu ne kawai, na zamani da na da, kuma ba wanda yake so a ce masa an bar shi a baya. Amma zaɓin uku ne. Na tsakiyan, wanda ba a cika yi masa shela ba don ba ya kawo wa kamfani komai bayan ranar ciniki, shi nake ganin ya fi dacewa da yawancin kayan gida.

Kashi na farko su ne na'urorin da ke rataye da kamfani. Abin da suka ji ko suka gani sai su tura wa manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera su, a sarrafa a can, sannan a aiko musu da umarni. Ka taɓa wayarka don kunna fitilar da ke saman kanka, saƙon ya je wata ƙasa ya dawo kafin ta kama. Yawancin abin da ke kasuwa irin wannan ne: lasifikar Echo ta Amazon, ƙararrawar ƙofa ta Ring, da tarin kyamarori da soket waɗanda ko sunan maƙerinsu ba ka taɓa ji ba. Kashi na biyu wayonsu bai gaza na farko ba, sai dai harkarsu a cikin gida take ƙarewa. Suna magana da wayarka ko da wani ɗan akwati da ka ajiye a lungu, ta hanyoyi irin su Zigbee, Z-Wave ko Thread, kuma ko an yanke intanet ba su tsayawa. Kashi na uku kowa ya san su: makulli da mabuɗinsa, fitila da makunninta, firijin da ba ruwansa da komai sai sanyaya abin da aka sa masa.

Gwaji ɗaya ya isa ya raba na farko da na biyu. Zare igiyar intanet daga na'urar da ke rarraba wa gida, ka bar wayfai a kunne, ka ga abin da ya rage. In fitilar ta daina jin magana, kyamarar ta daina nuna hoto alhali kana tsaye kusa da ita, to da ma ba kai take yi wa aiki kai tsaye ba.

Inda alkawarin ya cika

Akwai wuraren da haɗin ke da amfanin da na'ura marar haɗi ba za ta taɓa bayarwa ba, kuma lafiya ce a sahun gaba. Mai ciwon sukari da ke manna ɗan abin auna sukari a dantsensa, irin FreeStyle Libre ko Dexcom, yana ganin hawa da saukar sukarinsa dare da rana ba tare da huda yatsa kowane lokaci ba, kuma uwa tana iya samun gargaɗi a wayarta in sukarin ɗanta ya faɗi yana barci. Tun 2018 agogon Apple Watch ke iya ɗaukar hoton bugun zuciya, yana kuma iya gane in mai shi ya faɗi ƙasa bai motsa ba, ya kira masu agaji. Jami'ar Stanford ta yi bincike da mutum fiye da 419,000 masu ɗaura agogon, aka wallafa a 2019. Kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne suka samu gargaɗin rashin daidaiton bugu, kuma cikin waɗanda aka bi da na'urar asibiti aka sake aunawa, kusan ɗaya cikin uku an tabbatar suna da matsalar. Ba likita ba ne agogon, amma mutumin da bai san yana da ciwo ba ya samu dalilin zuwa asibiti.

Haka abin yake ga na'urar gano hayaƙi ko yoyon ruwa. Ta gargajiya za ta yi ta ƙara a gidan da babu kowa har ta gaji. Mai haɗi za ta same ka duk inda kake. Ga tsoho mai ciwon gwiwa, ko makaho, ko wanda ke kan keken guragu, iya kunna fitila da buɗe ƙofa da murya ba ƙawa ba ce, rage dogaro ne da wani.

Daga nan sai alkawarin ya fara sirancewa. Na'urar daidaita zafi da sanyin ɗaki tana rage kuɗin wuta, gaskiya ne, amma alƙaluman da ake yawan ambatawa, kamar kashi 10 zuwa 12 na ɗumama gida da kashi 15 na sanyayawa, Nest, kamfanin da ke ƙera irin wannan na'ura, ne da kansa ya fitar da su, kuma wanda ya saba kashe kayan wuta in zai fita ba zai ga ragi mai yawa haka ba. Firiji mai allo, butar dafa ruwa mai manhaja, buroshin haƙori mai aika rahoto: a nan kam na kasa gano matsalar da aka warware. Butar dai sai ka tashi ka zuba mata ruwa.

Talabijin da lasifika: masu kallo da masu sauraro

Talabijin ita ce na'urar da mutane suka fi raina haɗarinta, watakila don an saba da ita tun tana akwati. Yawancin talabijin na yanzu suna ɗauke da wata dabara da ke ɗaukar samfurin abin da ke kan allo a kai a kai, ta aika wa kamfani, a gwada da rumbun shirye-shirye a gane me kake kallo. A 2017 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, tare da jihar New Jersey, ta sa kamfanin Vizio biyan dala miliyan 2.2 saboda ya tattara bayanan kallo daƙiƙa bayan daƙiƙa daga talabijin miliyan 11 ba da sanin masu su ba, ya haɗa da bayanai kamar shekaru, jinsi da ƙarfin samun mutanen gidan, ya sayar. Bayan hukuncin ba a daina ba, izini kawai aka koma nema, a cikin dogayen shafukan nan da kowa ke danna wa amincewa ranar da ya kunna sabuwar talabijin. Wani bincike na jami'o'i a 2024 ya nuna cewa talabijin ɗin Samsung da LG suna ɗaukar wannan samfuri ko da abin da ke kan allon daga kwamfutarka ya fito ta igiyar HDMI.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ribar sayar da talabijin kanta ƙanƙanuwa ce. Vizio ya kai matsayin da ribarsa daga talla da bayanai ta zarce ta sayar da akwatunan, kuma Walmart ya saye shi a 2024 kan kusan dala biliyan 2.3, ba don ƙaunar allo ba. Babbar talabijin marar haɗi ta yi wuyar samu yanzu, saboda haka zaɓin da ya rage shi ne ka sayi mai wayon amma ka hana ta wayfai, ka yi amfani da wani akwatin kallo daban wanda ka fi yarda da shi. In dole sai ta hau intanet, a nemi wurin kashe dabarar a cikin saiti. Samsung na kiranta Viewing Information Services, LG na kiranta Live Plus. Ba za ka rasa komai ba in ka kashe.

Lasifika mai amsa murya kuwa labarinta daban ne, don ba ta da wani aiki sai sauraro. Yadda aka tsara ta shi ne ta riƙa ji a cikin gida tana jiran kalmar da ake kiranta da ita, sai ta ji sannan ta fara aika sauti waje. Matsalar ita ce tana yin kuskuren ji. A 2019 gidan yaɗa labarai na VRT a Beljiyam ya samu sautuka fiye da 1,000 da mataimakin murya na Google ya naɗa, kuma 153 daga ciki an naɗe su ba tare da kowa ya kira na'urar ba: hirar ma'aurata, maganar iyaye da yara, zancen rashin lafiya. A shekarar ce kuma aka gano cewa Amazon da Apple su ma suna da ma'aikata, wasu 'yan kwangila, da ke sauraron wani ɓangare na sautukan don gyara fahimtar na'urar. A 2023 Amazon ya amince ya biya dala miliyan 25 bisa zargin riƙe muryoyin yara ba iyaka, har da waɗanda iyaye suka nemi a goge. A farkon 2025 Apple ya amince da biyan dala miliyan 95 don rufe ƙarar da aka kai shi kan Siri, mataimakin muryarsa, ko da yake bai amsa laifi ba. A Maris na 2025 kuma Amazon ya cire zaɓin da ke bai wa wasu na'urorin Echo damar sarrafa murya a gida ba tare da aikawa ba. Wannan na ƙarshe ne ya fi ba ni darasi: sharaɗin da ka sayi kaya a kansa yana iya canjawa bayan shekaru, kai kuma sai dai ka samu saƙon sanarwa.

Ban ce kada kowa ya saya ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, abin dubawa shi ne a ina ya ajiye ta. Ga wanda murya ce hanyarsa ta sarrafa gida, amfanin ya rinjayi haɗarin. Ga wanda kawai yake so ya tambayi yanayin gari ko ya sa kiɗa, lasifikar Bluetooth marar makirfo da wayar da ke aljihunsa sun wadatar. In an saya, falo ya fi ɗakin barci, kuma a shiga saiti a zaɓi kada a adana sauti ko a riƙa gogewa da kansa.

Kyamara

A nan ne bambancin kashi na farko da na biyu ya fi fitowa fili, kuma a nan ne zan fi tsananta. Kyamarar da ke tura hoto rumbun kamfani tana da fa'ida ta gaske: in ɓarawo ya fasa ta ko ya tafi da ita, hoton yana nan. Kafawarta ba wuya. Sai dai duk hoton da ya bar gidanka ya shiga hannun mutanen da ba ka sani ba. A cikin ƙarar da FTC ta kai Ring a 2023, wadda ta ƙare da biyan dala miliyan 5.8, an bayyana cewa a 2017 wani ma'aikaci ya shafe watanni yana kallon dubban bidiyoyin mata masu amfani da kyamarorin, na ɗakunan barci da banɗakuna. Ba kutse ya yi ba, aikinsa ne ya ba shi hanya. A Fabrairun 2024 wata tangarɗa a kamfanin Wyze ta sa kusan mutum 13,000 suka ga hotuna daga kyamarorin gidajen wasu. A 2022 kuma Ring ya shaida wa Sanata Ed Markey cewa a shekarar ya miƙa wa 'yan sanda bidiyo sau 11 ba tare da izinin masu kyamarorin ba, bisa hujjar gaggawa.

Kyamarar da ke adana hoto a katin ajiya ko a akwatin naɗa da ke cikin gida ta toshe yawancin waɗannan ƙofofi, kuma babu kuɗin wata-wata. Rauninta shi ne in aka sace akwatin hujjar ta tafi, saboda haka ɓoye shi wani aiki ne. A kuma yi hattara da kalmar talla. Kamfanin Eufy ya gina sunansa kan alkawarin cewa hoto ba ya barin gida, amma a ƙarshen 2022 masu bincike suka nuna yana tura ƙananan hotuna, har da fuskoki, zuwa rumbunsa don aika sanarwa, kuma daga baya ya amince cewa wasu hanyoyin kallon bidiyon ba a kulle suke yadda aka ce ba.

Hukuncina a nan gajere ne. A waje, a bakin ƙofa, kowanne daga biyun na iya yi, muddin ba ta leƙa tagar maƙwabci. A cikin gida, musamman inda ake barci ko sauya kaya, ko dai wadda ba ta fita waje, ko kada a sa gaba ɗaya. Mai jariri da ke son ganin ɗansa daga wani ɗaki zai iya samun kyamara mai allonta na kanta, wadda ba ta san wayfai ba. Kuma kyamara ba sai ta zo da sunan kyamara ba. Hotunan cikin gidaje da na'urar shara ta Roomba ta ɗauka a 2020, ciki har da na wata mata a banɗaki, sun ɓulla a dandalin sada zumunta ta hannun 'yan kwangilar da ke yi wa hotunan alama don koyar da na'urar. Kamfanin ya ce na'urorin gwaji ne da aka raba wa waɗanda suka amince, ba na kasuwa ba. Ko da haka ne, hanyar da hoton ya bi ita ce hanyar da ake gina irin waɗannan kayayyaki.

Ranar da kamfani ya gaji

Akwai wani haɗari da ba na sirri ba ne amma tushensu ɗaya. Makullin ƙarfe mai kyau yana shekara talatin. Firiji yana wuce goma. Manhaja kuwa tsawon ranta yana hannun wanda ke biyan injiniyoyi. A 2016 Nest, wanda Google ya saya, ya kashe akwatin sarrafa gida na Revolv daga nesa, kayan da lafiyarsu ƙalau suka zama shara. A Afrilun 2022 Insteon, wani kamfanin kayan gida masu haɗi, ya rufe kwamfutocinsa dare ɗaya ba sanarwa, sai da wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗu suka sayi kamfanin aka farfaɗo da shi. A Oktoban 2025 Google ya yanke na'urorin daidaita zafi na Nest na 2011 da 2012 daga manhaja. Suna aiki da hannu, amma abin da ya sa aka saye su ya tafi. Ko kamfani bai mutu ba yana iya yin tuntuɓe: ranar 7 ga Disamba 2021, da wani sashe na manyan kwamfutocin Amazon ya samu matsala, mutane suka kasa ganin ƙofarsu ta Ring, wasu suka kasa tayar da na'urar shara.

Wannan ne ya sa nake ganin duk abin da ake so ya daɗe, firiji, injin wanki, murhu, na'urar sanyaya ɗaki, gara a sayi marar haɗi, ko a sayi mai haɗin a ƙi haɗa shi. In ana son wayo, a ƙara shi daga waje da ɗan soket ko makunni wanda in ya tsufa za a cire a sa wani. Makullin ƙofa mai lamba ko mai karanta yatsa, wanda ba ya hawa intanet, yana magance ɓatan mabuɗi ba tare da ya ba wani kamfani jadawalin shige da ficen gidanka ba. Kowane iri aka zaɓa, a tabbatar yana da ramin mabuɗi na ƙarfe.

Masu kutse

Mutane sukan ce, wa zai ɓata lokacinsa a kaina? Ba mutum ne ke zaune yana zaɓenka ba. Manhajoji ne ke zagaya intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa. Mirai, wadda wasu matasa uku 'yan Amurka suka rubuta suka kuma amsa laifinsu a 2017, ba wata dabara mai zurfi ta yi ba. Jerin sunaye da kalmomin sirri kusan sittin da masana'antu ke sa wa kaya tun daga fitowa take gwadawa, kuma da hakan ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori, akwatunan naɗa bidiyo da na'urorin rarraba intanet. Ranar 21 ga Oktoba 2016 aka juya irin wannan runduna kan kamfanin Dyn, wanda ke nuna wa masu shiga intanet adireshin shafuka, sai Twitter, Netflix da wasu manyan shafuka suka gagara buɗuwa ga jama'a masu yawa a Amurka da Turai. Masu kyamarorin ba su san an yi yaƙi da kayansu ba.

Kayan wasan yara sun fi ban takaici. A 2017 hukumar sadarwa ta Jamus ta haramta 'yar tsana mai suna Cayla, ta kuma shawarci iyaye su lalata ta, saboda duk wanda ke kusa zai iya haɗa wayarsa da ita ta Bluetooth ba tare da wata lamba ba, ya saurari yaro, har ya yi masa magana. A shekarar kuma aka tarar da rumbun CloudPets, wasu kayan wasan yara masu haɗi da intanet, a buɗe, abin da ya fallasa saƙonnin murya kusan miliyan 2 tsakanin yara da iyayensu. A wannan fanni ban ga abin da za a auna ba: abin wasa mai makirfo da haɗi bai cancanci shiga hannun yaro ba.

Araha ba ta ado. Kyamara marar suna da ba a san wa zai sabunta manhajarta ba ta fi kowace haɗari, ta fi ma ta babban kamfanin da ke tara bayananka, don shi aƙalla yana toshe ɓaraka in an gano. Wannan wani abu ne da ya kamata a faɗa don adalci ga kashi na farko: manyan kamfanoni sun fi iya tsare ka daga baƙo, su ne dai ba za ka iya tsare kanka daga gare su ba.

Laifin hanyar tsakiya

Tunda na yabe ta, bari in faɗi aibinta. Tana cin lokaci. Manhaja irin Home Assistant, wadda kowa zai iya dubawa ya kuma yi amfani da ita kyauta, tana haɗa kayan kamfanoni daban-daban a akwati ɗaya a cikin gida, amma wani ne zai zauna ya saita, ya sabunta, ya gyara in ta rikice. Wannan wanin kai ne. In kai kaɗai ka fahimci tsarin, ranar da ka yi tafiya mutanen gidan suna iya kwana cikin duhu da fitila a saman kansu, shi ya sa kowace fitila take bukatar makunnin bango da ke aiki ko akwatin ya mutu. Sarrafa kaya daga nesa ma sai an yi ƙarin shiri, kuma wanda ya buɗe hanya daga waje ba da sani ba ya fi mai dogaro da kamfani shiga haɗari.

Abin ya ɗan yi sauƙi tun da aka fito da tsarin Matter a Oktoban 2022, wanda Apple, Google, Amazon da Samsung suka haɗu a kansa. An gina shi ne don kaya su yi magana da juna a cikin gida, saboda haka kwan fitila mai wannan alama yana aiki ko ba intanet, kuma ba ya ɗaure ka ga kamfani ɗaya. Sai dai alamar ba ta hana maƙeri tura bayanai ta manhajarsa ba, in ka sauke ta. Sau da yawa ba ka bukatar saukewa. Ga fitilu, soket, makunnai da ƙananan na'urorin gano motsi ko buɗe taga, wannan ce hanyar da zan nuna wa kowa. Kada a raina bayanan kwan fitila: lokacin kunnawa da kashewa na wata ɗaya ya isa ya nuna yaushe ake kwanciya da yaushe gida ke zama ba kowa.

Waɗanda ba a tambaye su ba

Wanda ya sayi na'ura shi ya danna amincewa, amma ba shi kaɗai take gani ba. Baƙo, mai aiki, yaro, mata ko miji, duk suna shiga cikin hoto da sauti. Ƙungiyoyin da ke taimakon waɗanda ake cin zarafinsu a gida sun daɗe suna ba da rahoton yadda wanda ke riƙe da kalmar sirri ke amfani da kyamara da makulli wajen bibiya da tsoratarwa, har bayan an rabu. AirTag na Apple, wanda ya fito a 2021 don nemo mabuɗi da jaka, an yi ta ɓoye shi a motoci da jakunkunan mutane, har sai da Apple da Google suka haɗa kai a 2024 kan tsari guda da wayoyinsu za su riƙa gargaɗin cewa wani abin bibiya da ba naka ba yana tafiya tare da kai. Kafin a kafa komai a gidan da mutum fiye da ɗaya ke zaune, a yi maganar wa ke da ikon gani da wa ke da ikon kashewa.

Bayanan da ake ganin ba komai ma suna tona asiri in an tara su. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana zana sansanonin soji a Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna gudu da agogonsu a kewayen sansani. Mai gudu da safe daga ƙofar gidansa ya dawo ƙofar gidansa yana zana nasa adireshin haka nan. Agogon lafiya ya cancanci a saya in akwai bukatar lafiya, amma a rufe rabawa da jama'a.

Mota ce wurin da zaɓi ya fi ƙaranci. A 2023 gidauniyar Mozilla ta duba kamfanonin mota 25, ba ko ɗaya da ya tsallake ma'auninta na kare sirri. A 2024 aka gano General Motors yana miƙa bayanan tuƙin mutane, taka birki da gudu da lokacin tafiya, ga dillalan bayanai da ke sayar wa kamfanonin inshora, wasu direbobi suka ga kuɗin inshorarsu ya tashi ba su san dalili ba. A Janairun 2025 FTC ta sanar da matakin hana kamfanin irin wannan rabawa na shekara biyar. Mai sayen sabuwar mota ba zai iya cire haɗin cikin sauƙi ba, abin da ke hannunsa shi ne ƙin shiga shirye-shiryen auna tuƙi, da karanta abin da dillali ke so ya sa wa hannu a allon motar.

Doka ta fara motsi, a hankali. Tun 2020 jihar Kalifoniya ta hana sayar da na'ura mai haɗi da kalmar sirri guda ga kowa. Daga 29 ga Afrilu 2024 Birtaniya ta ƙara wajabta wa maƙera su faɗi tsawon lokacin da za su ci gaba da aiko da gyaran tsaro, su kuma ba da hanyar kai rahoton ɓaraka. Tarayyar Turai ta zartar da tata dokar a 2024, amma manyan sharuɗɗanta sai Disamban 2027 za su fara aiki. Ko ba ka zaune a waɗannan wurare, akwai ribar da za ka ci: kamfanin da ke sayarwa a Birtaniya dole ya wallafa ranar da tallafin kayansa zai ƙare, kuma yawanci tana shafinsa na intanet. Nemi wannan ranar kafin ka biya. In saura shekara biyu ga abin da kake so ya yi maka goma, ko kuma ka neme ta ka rasa, ɗauki marar haɗin da ke kusa da shi a kanta.